Amsar tambaya kan lanƙwasa da murƙushe karan shuka

An rubuta wannan daga muryar da aka turo a zauren masu lambu na cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya ce ya ga Turawa a bidiyo suna lanƙwasa karan tabar wiwi, suna matse shi da yatsa har cikinsa ya murƙushe, wai don ta ƙara yabanya, yake tambaya ko zai iya yi wa tumatir da attaruhun da ya shuka a bayan gida haka.

To ƙanena, ita wiwi mu ajiye ta gefe. Nomanta laifi ne a dokar Najeriya, NDLEA na kama mutum a kai ko da tushe ɗaya ne a cikin bokiti. Amma dalilin da ya sa suke lanƙwasawar ilimi ne na shuka gaba ɗaya, kuma yana da amfani a lambu.

Abin da ke faruwa shi ne, kan tsiro, wato tohon da ke can ƙololuwa, yana fitar da wani sinadari da ake kira oksin, yana gangarowa ta cikin kara yana danne idanun da ke hammatar ganye don kada su tashi. Shi ya sa shuka ke miƙewa sama. Idan ka tsinke kan, ko ka kwantar da shi ya koma ƙasa da sauran jikin, wannan dannewar ta ragu, sai rassan gefe su taso. Shi ke nan sirrin. Amma ka lura, yawan rassa daban, yawan 'ya'ya daban. Mai wiwi ganye da fure yake nema. Kai kuwa ɗa kake so ya ƙulla, ya girma, ya nuna, kuma saiwar nan ɗaya ce za ta ciyar da su duka.

Mu fara da tumatir, don a nan ake yawan ɓarna. Kafin ka taɓa shi ka san irin da ka shuka. Irin da aka saba nomawa a Kadawa da Kura da Bunkure, kamar UC82B da Roma VF, gajere ne, yana kaiwa wani tsayi ya tsaya da kansa, kowane reshe ya ƙare da fure. Wannan idan ka bi shi kana cire rassa, kwandonka kake ragewa. Abin da yake buƙata kawai a ɗaga shi daga ƙasa, a cire ganyen gindi da ke taɓa laka, da 'yan tsiron da ke ƙasa da furen farko. Sauran ka bar masa.

Dogon iri kuma, irin na rumfar leda, wanda ba ya daina tsayi sai ya mutu, shi ne ake horarwa. Sati 2 zuwa 3 bayan dashe ka kafa sanda ko gora mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa 2, ka nutsa ta kamar santimita 30, ka ba ta tazarar faɗin tafin hannu daga gindin. Idan ka bari sai ya girma sannan ka kafa, za ka tsinka saiwa, da rana ka ga ya yi yaushi ka ɗauka ƙishi ne. Ɗauri kuma da tsumma ko zaren buhu, a yi shi kamar lamba 8, zagaye ɗaya a sanda ɗaya a kara, a bar wurin da yatsa zai shiga. Kara yana ƙara kauri, idan ka matse zaren zai shige jikinsa ya shaƙe shi. Waya kam kada ma a fara.

Sai ka zaɓi kara ɗaya ko biyu. Idan biyu ne, na biyun shi ne tsiron da ke daidai ƙarƙashin furen farko, shi ya fi ƙarfi. Duk wani tsiro da ya fito tsakanin ganye da kara, ka karya shi tun bai kai tsawon yatsa ba, ka tura shi gefe da babban yatsa zai ɓalle da kansa. Sau ɗaya a sati ya isa. Idan ya riga ya yi kaurin fensir, kada ka fizge shi daga tushe, ciwon zai yi faɗi. Ka tsinke kansa kawai ka bar ganye biyu.

Yanzu maganar murƙushewa. Tumatir zai iya warkewa, wurin ya yi gaɓa mai tauri, amma ban ga ribar da za ta biya wahalar ba. Ka yi masa rauni a inda ruwa ke bi ya hau, ga zafin Kano na watan Maris da Afrilu, saman zai yi kwanaki yana yaushi, fure ya zube. Sannan ciwon ƙofa ce ga cuta. Idan tsayi ne ya dame ka, ka sassauta ɗaurin ka kwantar da karan a hankali ya jingina zuwa sanda ta gaba, da rana tsaka lokacin da jikinsa ya yi laushi. Da sassafe yana cike da ruwa, ƙaras zai karye. Idan kuma ya tsage bai rabu ba, ka haɗa shi, ka ɗora ɗan tsinke a gefe, ka naɗe da leda, sau da yawa cikin sati biyu ya kama.

Kun ga bambancin lokaci ke nan: lanƙwasa da rana, cire tsiro da hantsi bayan raɓa ta bushe, don ciwon ya samu yini guda ya ƙame.

Wani abu da ake rainawa, hannu da wuƙa suna ɗaukar cuta daga tushe zuwa tushe. Wanda ganyensa ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, ka bar shi sai ƙarshe, ko ka tuge shi gaba ɗaya. Wuƙa a riƙa tsoma ta a ruwan bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Mai shan sigari ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga, akwai cutar taba da ke kama tumatir da barkono. Ganyen da ka cire kuma kada ka zubar a cikin kunya, musamman wanda ke da farin zane a ciki, yana iya zama alamar tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da Ebolan tumatir, wadda ta cinye gonaki a 2016. A ƙone ko a binne.

Kuma kada a yi wa shuka aski. Ganye 2 zuwa 3 a sati, daga ƙasa. Idan ka tsiraita 'ya'yan rana za ta ƙona gefensu ya yi fari ya ruɓe, a Yankaba ba mai taya maka shi.

Attaruhu da tattasai, waɗannan ba a lanƙwasa su sam, karansu gautsi ne da shi. Abin da ake yi shi ne tsinke kai idan shukar ta kai santimita 15 zuwa 20, tana da ganye 6 zuwa 8. Attaruhu da ƙananan barkono suna amsawa da kyau, amma tsinkar 'ya'ya ta farko za ta yi jinkiri da kamar sati biyu. Tattasai mai manyan 'ya'ya na fi son a bar kansa, a cire furen farko da ke fitowa a tsakiyar inda ya rabu biyu.

Inda lanƙwasa take biya da gaske ita ce gwaiba, don a sabon toho take fure. Bishiyar da ta kai shekara 3, ka zaɓi rassan da suka miƙe sama ba sa haihuwa, ka rage ganyensu ka bar na kai, ka jawo su a hankali har su kwanta, ka ɗaure da igiya a turke, ka sa tsumma inda igiyar ta taɓa ɓawo. Ka bi da takin gargajiya da ban ruwa. Sabon toho zai jero a bayan reshen, fure ya biyo. Idan reshen ya zauna a haka sai ka kwance.

Zogale kuma ka tsinke kansa tun yana kamar mita ɗaya, in ba haka ba sai da tsani za ka ɗebi ganye.

Ƙanena, ka duba takardar irin tumatir ɗin naka ka turo mana sunansa, da hoton tushe ɗaya daga ƙasa har sama, sai a faɗa maka wanda za ka cire da wanda za ka bari. Wassalamu alaikum.