Amsa ga Alhaji: kamfanin inshora ya ƙi biya, in kai ƙara ko in haƙura?

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da war haka. Alhaji, na saurari saƙonka. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Ka ce ruwa ya shiga ɗakin ajiyarka ya ɓata kaya, kamfanin inshora kuma ya rubuto cewa ba zai biya ba, kana tambaya ko ka garzaya kotu.

To ranka ya daɗe, kafin maganar kotu, ɗauko takardar yarjejeniyar nan ka buɗe wajen togaciya, wato inda suka jera abubuwan da ba ruwansu da su. Alƙali ba girman asararka zai fara aunawa ba. Abin da zai duba shi ne me aka rubuta, kuma me ya jawo ɓarnar. Ruwan da ya zubo ta rufin da iska ta yaye daban, ruwan da ya malalo ta ƙasa ya shigo ta ƙofa daban. Takardu da yawa suna biyan na farko, su cire ambaliya. A kan wannan bambancin aka yi shekaru ana shari'a a Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005: masu gidaje na cewa iska ce, kamfanoni na cewa ruwa ne. Don haka hotunan da ka ɗauka, musamman na rufin da na layin da ruwa ya bari a jikin bango, ka adana su da kyau.

Kuma kada ka ɗauka ƙaramin mutum kaɗai ake yi wa haka. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ke riƙe da hayar tagwayen benayen New York, Larry Silverstein, ya yi ta fafatawa da kamfanoni a kan tambaya ɗaya tak: jirage biyu da suka bugi gine-gine biyu, aukuwa ɗaya ce ko biyu? Inshorar dala biliyan 3.5 ce a kan kowace aukuwa. Sai a 2007 aka rufe maganar a kan kusan biliyan 4.5.

Zamanin korona ma haka. An rufe wuraren sana'a, mutane suka nemi diyyar tsayawar kasuwanci. A Birtaniya hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ce da kanta ta shigar da ƙara a madadin masu ƙananan sana'o'i, kuma a Janairun 2021 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a yawancin batutuwan, saboda takardunsu sun ambaci cuta mai yaɗuwa ko hana shiga wurin sana'a. A Amurka kuwa galibin kotuna kamfanoni suka bai wa gaskiya, don takardun can sun ce sai in dukiyar kanta ce ta lalace a zahiri. Annoba ɗaya fa, amma rubutun ya bambanta.

Akwai ƙa'idar da ke gefenka, ita nake so ka riƙe. In magana ta zama mai harshen damo, kotuna da yawa suna fassara ta ne ta yadda ba za ta amfani wanda ya rubuta ta ba, kuma kamfani ne ya rubuta. Sannan in sun fake da togaciya, yawanci su ne za su kawo hujjar cewa ta hau kanka. Kamfanin magunguna na Merck da haka ya yi nasara. A 2017 harin intanet na NotPetya ya lalata masa kwamfutoci, ya nemi kusan dala biliyan 1.4, kamfanonin inshora suka ce ai wannan yaƙi ne, mun cire yaƙi. Kotunan jihar New Jersey ta Amurka suka ce a'a, wannan tsohuwar togaciyar yaƙin sojoji take nufi. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da kamfanonin inshora suka sha kaye, sai su koma su ƙara tsaurara rubutun. Shi ya sa nake roƙon kowa a guruf ɗin nan, in an zo sabunta inshora, kada ka ɗauka takardar bana irin ta bara ce.

Sai abu ɗaya da ke iya kayar da kai, Alhaji: fom ɗin da ka cika tun farko. In sun tambaya ko ruwa ya taɓa shiga wurin, aka rubuta a'a alhali ya taɓa, to da wannan za su riƙe ka, ko da dillali ne ya cika maka.

Shawarata, ka nemi su ba ka dalilin ƙin biya a rubuce, da lambar sashen da suka dogara da shi. Ka duba ko takardar ta wajabta zuwa wajen masu sasanci kafin kotu, ka kuma duba wa'adin shigar da ƙara, don in ya wuce ko kana da gaskiya ta tafi. Kada ka sa hannu a wata takardar karɓar ɗan abin da suka miƙo sai lauya ya karanta, kuma lauyan da ya saba da shari'ar inshora.

Ka turo min hoton wasiƙarsu da shafin togaciyar ta akwatina, in sha Allahu zan duba bayan sallar isha'i.