Amsar Malam kan darasin zamantakewa a sakandare

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya Maman Abba, na saurari muryarki tun da safe, ina cikin Keke Napep ne, hayaniya ta hana ni amsawa. Kin ce Abba ya shiga SS1, kin duba jadawalinsa ba ki ga darasin zamantakewa ba, wanda yara ke kira Soshiyal, alhali shi ya fi ci a jarabawar JSS3, kuma yaron lauya yake son zama. To Hajiya, kwantar da hankalinki, makarantar ba ta cuce shi ba. Haka tsarin yake.

Soshiyal darasin firamare ne da ƙaramar sakandare. A JSS1 iyali ake koyarwa, da aure, da al'ada. Ina tuna wata shekara na ce wa yara kowa ya zana gidansu, littafin ya nuna uba da uwa da 'ya'ya biyu. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, ina zan sa abokiyar zaman Ummanmu, ga Kaka, ga ƙannen Baba uku? Ranar dai ajiye littafin muka yi, muka koma allo. JSS2 da JSS3 sai a taɓo shaye-shaye, safarar mutane, zaman lafiya, rikici da sulhu. Ɗan tsakure ne daga kowane fanni, kamar mai ɗanɗana miya.

Da an shiga SS1 sai tukunyar nan ta rabu gida-gida: darasin Gwamnati, Tarihi, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki, sai Sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa. Shi ya sa ko a JAMB ba za ki ga Soshiyal ba.

Tunda lauya yake so, bari in tsaya a kan Gwamnati. SS1 ma'anoni ne zalla: mene ne mulki, mene ne dimokuraɗiyya, rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu. Yara na jin sa kamar hadda, amma nan ne tushe. SS2 kuwa, ai nan daɗin yake. Za a kawo masa tsarin sarauta kafin zuwan Turawa, Sarki da Waziri da Galadima da Madaki da alƙalai, sannan yadda Gwamna Lugga ya yi mulki ta hannun sarakuna. Daga nan kundin tsarin mulki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan Baturen da ya kawo shi: Kilifod 1922, Ricas 1946, Makfasan 1951, Litilton 1954, har 'yancin kai a 1960. Zai ji labarin jam'iyyun NEPU da NPC, abin da kakanninsa suka gani da idonsu. In akwai dattijo a gidanku, ki sa shi ya zauna da shi, wallahi ya fi wani littafin. SS3 sai hulɗar ƙasashen waje, ECOWAS da aka kafa a 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan sai bitar WAEC da NECO.

Amma ki kula, kada ya saki Adabin Turanci. Na ga yara da dama sun ci Gwamnati da kyau, ranar cike JAMB aka ce babu shiga karatun lauya sai da shi, shekara guda ta tafi a banza. Ya riƙe shi, da Gwamnati ko Tarihi, da Addini.

Zancen Tarihi kuma, wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekaru da yawa an cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, aka cusa ɗan guntunsa cikin Soshiyal. Sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. Sakamakon kuwa a aji muka gan shi. Na taɓa tambayar 'yan SS2, a wace shekara Turawa suka ci Kano? Shiru. Yaran da kullum ta gefen ganuwa suke wucewa su zo makaranta. Sun haddace Kilifod 1922, amma 1903 ba su sani ba, balle Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a wannan shekarar. Ba laifinsu ba ne, ba a koya musu ba.

Abu na ƙarshe, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, Tarihin Najeriya ya zama dole tun daga firamare har JSS3, kuma a babbar sakandare an kawo sabon darasi da ya haɗa Sibik da tarihi. Saboda haka ranar Litinin ki leƙa wurin mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ki tambaye shi da wace manhajar ajin su Abba za su zauna jarabawa, ki karɓo jerin darussan a rubuce ki turo mini in duba. A gaida Alhaji.