Ga 'yar'uwar da ta ce ta kasa kukan rasuwar mahaifiyarta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun daren jiya na karanta tambayarki, sau uku ina fara rubutu ina gogewa. Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zame mata kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce shekara uku kina jinyarta, yau kwana goma sha biyu da rasuwarta, hawaye ya ƙi zuwa, kuma abin da ya fi ɗaga miki hankali shi ne sakayau da kike jin kanki kamar an sauke miki kaya. Har kike tambaya ko dama ba kya ƙaunarta ne, ko Allah zai kama ki da wannan. Wallahi da na zo nan sai da na kife wayar a cinya, don kamar da bakina kika yi maganar.

Tawa Innar shekara huɗu da 'yan watanni ta yi a kwance. Farkon 2019 ta faɗi a tsakar gida tana alwalar la'asar, hawan jini, ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kalma biyu suka rage mata a baki, "to" da "Allah". Mu biyar ta haifa, ni kaɗai ce mace a cikin gari, sai aka ce a kawo ta ɗakina. Ban ƙi ba, wa zai ƙi uwarsa? Sauran kin sani, ba sai na faɗa miki ba. Ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin zanin gado, kunu cokali-cokali sai an jingina ta da filo kada ta ƙware, juyi duk bayan awa biyu kamar yadda likita ya ce don kada gyambo ya fito mata a ƙugu. Da farko sau biyu a sati muke cicciɓarta a adaidaita sahu zuwa gashin ƙashi, har kullen korona na 2020 ya yanke mana zuwa, hannun ya ƙage, bai ƙara miƙewa ba.

Akwai wani dare da ban taɓa gaya wa ko mijina ba. A watan Maris ne na 2023, daf da azumi, lokacin wahalar canjin kuɗin nan. Pampas ya ƙare, kuɗi na cikin banki amma babu na hannu, mai kemis ya ce ba ya karɓar tiransifa don kullum maƙalewa take yi. Sai na koma tsumma. Ba wuta, ga zafi, ƙaramin yarona yana zazzaɓi. Sau biyu na canza mata shimfiɗa a daren, na wanke, na shanya a duhu. Wajen ƙarfe biyu da rabi na ɗan kishingiɗa, ban fi minti ashirin ba na ji warin ya sake tashi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na haska ta da fitilar waya na ce, "Haba Inna! So kike ki kashe ni? Ni kaɗai kika haifa?" Da ƙarfi na faɗa. Kuma da na zo juya ta, na damƙi damtsenta fiye da yadda ya kamata, na sani, hannuna ya san abin da ya yi. Ta dube ni da idon nan nata. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya ya shige mata kunne. Sai ta ce, "To."

Shi ke nan abin da take iya cewa. Ko haƙuri take ba ni, ko cewa take na ji zafi, ko yafe min take yi, "to" ɗin ce dai. Matar da ta goya ni, ta sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi min kayan ɗaki. Na durƙusa na kifa kaina a ƙafarta ina ba ta haƙuri har aka kira assalatu, ita kuma hannunta mai lafiya yana kan ɗankwalina. Har yau idan wani ya ce min "to" a hankali, sai na ji cikina ya juya. Ina rubuta wannan ne hannuna yana rawa.

Bayan babbar sallah ta rasu, da safiyar wata Juma'a, a hannuna. Aka yi mata sutura aka kai ta. Daren ranar, 'yar'uwa, barci na yi irin wanda rabona da shi shekara huɗu. Ban ji kiran sallah ba, sai da rana ta fito. Da na buɗe ido abin da ya fara zuwa raina shi ne yau babu wanki. Jikina wasai. Sai kunya ta rufe ni, na ce wace irin 'ya ce ni, jiya aka binne uwata yau ina jin daɗin jikina?

Ranar uku kuma Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta ƙarasa ni. Ina tsugune ina zuba wa baƙi gumba, tana zaune a kan tabarma cikin mata, ta ce da murya yadda kowa zai ji, "Ku dube ta, ko ɗigon hawaye babu. Ai dama ta gaji da ita, hutu ya samu." Wasu suka sunkuyar da kai, babu wadda ta tanka. Matar nan a shekara huɗu zuwanta dubiya bai fi sau biyar ba, kuma duk zuwan a bakin ƙofa take tsayawa da gefen mayafi a hanci, ta ce ya jiki, ta juya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa kawo in riƙe miki ita ki yi wanka ba. Ga babban yayanmu da ya sauka daga Abuja, shi ya fi kowa kuka, ana ta riƙe shi ana cewa Allah sarki, shi ne ɗan lelenta. Wanda sai na kira sau huɗu kafin ya turo kuɗin magani, idan ya turo kuma sai ya ce in rubuto masa lissafi. Ba na ce kukansa na ƙarya ba ne, uwarsa ce. Amma shi Innar da ya rasa mai tafiya da ƙafarta ce, mai dariya, don bai zauna ya ga ɗayar ba. Na yafe wa Gwaggo don Allah, amma gaskiya har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da ya sa maganarta ta huda ni, abin da nake gaya wa kaina a ɓoye ne ta faɗa a fili.

Wadda ta cece ni wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, Iya muke ce mata. Bayan sadakar bakwai mutane sun watse, ta shigo ta same ni a ɗakin Inna ina zaune a kan katifar da babu kowa. Ba ta ce min ya haƙuri ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Kin yi barci ko?" Gabana ya faɗi. Ta ce ita shekara shida ta yi jinyar Malam, ranar da aka kai shi ta ci tuwo malmala biyu ta kwanta, ba ta farka ba sai hantsi, kuma sama da shekara ashirin ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Ta ce, "Ba mutuwarsa na yi wa murna ba, 'yar nan. Gajiya ce take fita. Kuma kukan da suke nema a idonki, ai kin yi shi tun tana da rai, su ne ba sa nan."

Ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Ni da na ɗauka duk duniya ni kaɗai ce mai baƙar zuciya, sai ga tsohuwar da ba ta sakin carbi, wadda unguwa ke misali da ita wajen biyayyar aure, ta ce ita ma haka. Daga ranar na fara iya rarrabe abin da ke cikina, don da duk a cakuɗe yake kamar zaren da yara suka yi wasa da shi. Ashe sauƙin ma iri biyu ne, akwai na jikina da ya huta, akwai na cewa ba zan ƙara ganin Inna tana cije leɓe in ana juya ta ba. Ashe akwai fushi, kuma ba da ita nake yi ba, da 'yan'uwana ne. Akwai nadamar daren nan. Akwai kewa, amma kewar Innar da ce, wadda na rasa tun 2019 ba a yi min ta'aziyya ba. Sannan akwai wani fili fetal, don duk rayuwata a kan awa biyu-biyu take, yanzu ban san me zan yi da hannuwana ba. Duk a zuciya ɗaya, a lokaci ɗaya. Daga baya da na fara buɗe baki, sai ga mata suna cewa ni ma, ni ma. Wata jinyar kishiyarta ta yi, wata ta ɗanta. Kowacce da nata daren.

Ayar da ta hana ni sukuni ita ce ta Suratul Isra'i, aya ta 23, inda aka ce kada ka ce musu ko "uf". Na je wurin malamarmu ta Islamiyya ina rawar murya, ta ce in ci gaba da karantawa zuwa aya ta 25: Ubangijinku ne mafi sanin abin da ke cikin zukatanku, idan kun kasance salihai to shi mai gafara ne ga masu komawa gare shi. Ta ce malaman tafsiri sun yi bayaninta a kan wanda kalma ta suɓuce masa ga iyayensa alhali ba saɓa musu ne nufinsa ba. Ta kuma tuna min hadisin da ke cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba, da wanda ke cewa mumini idan ya rasu ya huta daga wahalar duniya. Ke ba ki ma ce kin yi abin da na yi ba, ji kawai kika ji a ranki. Hawaye kuwa rahama ne, Manzon Allah (SAW) ya zubar da shi a rasuwar ɗansa Ibrahim, amma babu inda aka ce wanda nasa bai zo ba ya yi zunubi.

Kada ki matsa wa kanki sai kin yi kuka. Nawa sai bayan wata huɗu ya zo, a kemis, na je sayen maganin tari na ga hannuna ya miƙa kan pampas na manya da kansa. A nan na durƙushe, mai shagon ya ba ni kujera. Kuma don Allah ba kowa za ki gaya wa wannan maganar ba, musamman dangi, yanzu a juya miki ita. Ki nemi wadda ta taɓa jinya, ko da ba sa'arki ba ce. Ki je a auna miki jini, ni bayan arba'in aka gano nawa ya hau, ga ciwon baya da har yau ina fama da shi saboda ɗaga ta ni kaɗai. Ki riƙa yi mata sadaka ko ta ƙosai ce ranar Juma'a, da addu'a bayan kowace sallah, ai ɗa nagari mai addu'a yana cikin ukun da ba sa yankewa. Ɗakin ma kada ki yi gaggawar kwashewa, kada kuma ki kulle shi. Ni keken marasa lafiyar na ba wani gida da ke da mai irin ciwon, ranar na ji sanyi sosai.

Ku kuma masu karantawa da kuke da mara lafiya a hannun wata 'yar'uwarku, ku ji tsoron Allah. Lemo da ayaba ba su ne jinya ba. Ku je ku kwana ko dare ɗaya ne a sati, ku ce mata je ki kwanta. Da na samu wanda zai karɓe ni dare ɗaya tak a satin nan, da ban ɗaga wa Inna murya ba. Maza, ku ma uwarku ce, babu inda aka rubuta cewa jinya ta 'ya mace ce ita kaɗai. Mijina Allah ya saka masa, bai taɓa ɓata fuska ba, amma har aurenmu sai da ya ji jiki, shekara huɗu ina kwana a ƙasa a ɗakin Inna.

Idan kika ga an ɗau makonni barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ko kina jin rayuwar ma ta ishe ki, kada ki tsaya cewa shaiɗan ne kawai, ki yi addu'a kuma ki ga likita, ciwon damuwa ciwo ne kuma ana maganinsa. Ba ki faɗi ko kina da aure ko akwai wanda ke kwana tare da ke ba. In babu, ki samu ko ƙanwa ce ta zo ta taya ki kwana zuwa arba'in, don daren ne ya fi wuya. Ni har yanzu ƙarfe biyu nake farkawa ba tare da an tashe ni ba, sai in yi alwala in yi mata addu'a. Daren yau in sha Allahu zan haɗa da Mama.