Shin Dukkan Sushi Ɗanyen Kifi Ne?

Tambaya: An gayyace ni cin sushi a wani gidan abinci da ke Maitama, amma na ji ɗanyen kifi ne zalla. Don Allah mene ne a cikinsa? Daga wata mai karatu, Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Malama, sushi abincin Japan ne, kuma ginshiƙinsa dafaffiyar shinkafa ce mai danƙo wadda ake haɗawa da ruwan khal da sukari da gishiri. Yana da iri-iri. Nigiri shi ne ɗan curin shinkafa da aka ɗora wa yankan kifi ko jatan lande ko wainar ƙwai, ya kuma shahara a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, a ƙarni na 19. Maki kuwa naɗawa ake yi cikin busasshen ganyen teku mai suna nori, tare da kifi ko kokwamba ko piya, sannan a yayyanka shi. Temaki naɗinsa kamar mazurari yake. Ɗanyen kifin da ba shinkafa, sashimi ne.

Shawarata ki fara da makin kokwamba ko na dafaffen jatan lande, ki kuma yi hattara da koren yajin wasabi, domin hanci yake hawa. Lallai ki tambayi ma'aikatan ko sun zuba mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita, a shinkafar ko a miyar da ake cin sushin da ita, saboda akwai barasa a cikinsa. Idan kina da juna biyu, ki guji ɗanyen kifin gaba ɗaya, kuma kada a gwada shi a gida da tarwada ko karfasa, domin kifin ruwan daɗi yakan ɗauki tsutsotsin da dafuwa ke kashewa.