Tarwaɗa mai cin gansakuka a tafkin kifin zinariya lokacin hunturu

Tambaya: Malam, ina kiwon kifin zinariya a ƙaramin tafki a tsakar gida, kuma na zuba tarwaɗar nan da ake kira pleco domin ta riƙa cinye gansakuka. Yanzu da sanyi ya gabato, zan iya barin ta a waje?

Amsa: Malama, shawarata ita ce kada ki bar ta. Pleco asalinta daga kogunan Kudancin Amurka take, inda ruwa yake da ɗumi duk shekara, shi ya sa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28 na ma'aunin Selshiyas. Shi kuwa kifin zinariya yana jure sanyi ƙwarai, domin idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 sai ya rage motsi da cin abinci, ya kwanta can ƙasan tafki har sanyi ya wuce. Pleco ba ta da wannan baiwar. Za ki gan ta manne da bango ba ta motsi, ta daina kankare gansakuka, daga nan cuta ta samu ƙofa, kuma sau da yawa mutuwa ce ke biyo baya.

Saboda haka ki samu ma'aunin zafin ruwa, ki riƙa dubawa da asuba, lokacin da ruwa ya fi sanyi. Da zarar ya kusanci digiri 18, ki mayar da ita babban tanki a cikin ɗaki mai na'urar ɗumama ruwa, kuma ki lura cewa wasu nau'o'inta suna wuce santimita 30, don haka ƙaramin tanki ba zai ishe ta ba.