Ƙugin da ke kan 433.92

Ka tambaye ni, yaro, abin da ya sa rediyon da ka haɗa yake ƙugi a tsakiyar zangon santimita 70, wato megahaz 430 zuwa 440, alhali mu ne masu lasisi, da kuma wanda ya kamata ya kauce wa wani. Da ka karanta takardun dokar da na ba ka, maimakon shafar waya dare da rana irin na yaran yanzu, da rabin tambayar nan ba ta taso ba.

A shiyya ta ɗaya ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda ta haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, masu rediyon sha'awa, wato irinmu masu lasisin magana ta rediyo ba don kasuwanci ba, suna aiki daga megahaz 430 zuwa 440, amma a cikin wannan fili, daga 433.05 zuwa 434.79, ƙananan na'urori marasa lasisi suna cin karensu babu babbaka. Makullin mota na rimot da ƙararrawar ƙofa mafi yawansu suna kan 433.92. Sharaɗinsu shi ne kada su dami mai lasisi, idan kuma shi ya dame su, su haƙura, kuma a Turai ƙarfinsu bai kamata ya wuce miliwat 10 ba. Wannan a takarda ke nan.

Wani mutum, mai lasisi kamar mu, ya taɓa ba ni aikin kafa masa tasha a gidansa. Na gama aiki tsaf, sai ga ƙugi ya cika rediyo har allurar auna ƙarfin sigina ta kai S9, alamar sigina mai ƙarfi, ya ce ba zai cika mini kuɗina ba sai na gyara abin da na ɓata. Na nemi ya kashe wutar gidan gaba ɗaya mu saurara da batir, ya ce yana da kayan da ba a kashewa. Saboda sunana, na sauya wayar eriya daga sama har ƙasa da kuɗin aljihuna, na sake kawunan haɗi, na hau ƙarfe cikin rana na sauko da eriyar da babu abin da ya same ta, shi kuwa yana tsaye a inuwa yana cewa, "Malam, ni dai na ji ana yabon aikinka." Ranar da aka ɗauke wuta ina wurin, rediyon na kan batir, sai ya yi tsit. Da wutar ta dawo na cire eriyar ƙaramin rediyon hannu, domin kada ya ji komai sai abin da ke kusa, na bi gidan ɗaki-ɗaki. A ɗakin ajiya na tarar da na'urar aika sauti ta megahaz 433, an ɗaura mata akwatin ƙara ƙarfi, tana watsawa babu tsayawa, har ta toshe wa rediyon kunne a faɗin zangon. Da hannunsa ya haɗa ta, kuma ya san sarai abin da take yi. Har yau bai biya ni ba, kuma ya ci gaba da gaya wa mutane cewa aikina yana ƙugi.

Auna eriya da liƙa dalma ba zan tsaya a kansu ba, domin wanda bai iya su ba bai kamata ya riƙe mini ko filaya ba. Kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, a kashe babban makunnin gida a gabanka, kuma wanda ya ƙi, ka tattara kayanka. Idan ƙugin ya mutu, ka mayar da wutar layi-layi har ya dawo. A gajeren zango, wato shortwave, wanda ke ƙasa da wannan zangon, mai kawo ƙugi yawanci caja ce ko fitilar LED ko inbatar sola, kuma zoben ferit, wato zoben tace ƙugi da ake maƙala wa waya, a kan wayarsu yakan rage ɓarnar. Idan na maƙwabci ne, ka rubuta lokaci da wurin da yake fitowa a zangon, ka same shi da ladabi kafin a kai ga hukumar sadarwa. Gobe ka zo da cikakken batir, a ɗakinka za mu fara.