Amsa: Motar da ke tsittsinkewa idan ta koma kan gas da safe

Malam, ka ce motarka lafiya lau take kan fetur, amma da ta juya kan gas da safe sai ta riƙa tsittsinkewa har ta mutu. Fara da rediyusa, wato na'urar da ke rage matsin gas kafin ya shiga inji. Idan gas ɗinka LPG ne, wato irin na girki, yana fitowa daga tanki a matsayin ruwa, zafin ruwan lagireto ne ke mai da shi iska a cikinta. Taɓa tiyo biyun na ruwan lagireto da ke haɗe da ita: idan injin ya yi zafi amma su suna sanyi, ko ka ga raɓa ta daskare a jikinta, to ruwa ya yi ƙasa ko iska ta maƙale a layin. Tawa ta taɓa yi min haka lokacin hunturu, ashe makanike ne ya cire tamostat, abin da ke sa inji ya ɗauki zafi da wuri.

Ka sa a saita kwamfutar gas ɗin kada ta juya kan gas sai zafin rediyusa ya kai digiri 35 zuwa 40.

Sai filogi. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, tsohon filogi ba ya jure shi. A rage tazarar bakin filogin zuwa milimita 0.7 ko 0.8. Filtar gas kuma a canja ta duk kilomita 10,000 zuwa 15,000.

Kada ka yarda a rage maka gas don tsimi, bawul zai ƙone.